Maganin Hamadu a Akwatin Yaji

Ku yaran yanzu kuna ganin soya ba sana'a ba ce. Wai a samo rabin duro, a ɗora raga, a hura wuta, a zauna ana latsa waya har nama ya gasa kansa. Kwanan baya wani ya tsaya a gabana ya ce, "Baba, ai wannan kowa ma ya iya." Na miƙa masa wuƙa da cinyar sa, na ce ya fitar mini da yanka ɗaya mai kyau. Ya yi ta dambe da naman kamar mai faskare, ya ba ni wani ƙullutu da ko kare sai ya yi shawara kafin ya haɗiye. Ban yi masa faɗa ba. Yankan ma shi ne mai sauƙin koyo a wannan aiki.

Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, shi ya koya mini. Gidanmu mahauta ne tun kakanni da suka zo Garwa da fatauci suka zauna. Na daɗe a wurinsa bai bar ni na taɓa wuta ba. Aikina wasa wuƙa, feƙe tsinke, da dakan ƙuli-ƙuli da citta da masoro da barkono har idanuna su kumbura. Da safe mu tafi abatuwa, ya sa ni in danna nama da yatsa in gaya masa ko saniyar ta sha tafiya daga daji ko a gida ta yi kiwo. In na kuskure ba ya duka, sai dai ya sayi naman ya sa ni in gasa in ci ni kaɗai, ina tauna yana kallona. Shi ya nuna mini cire jijiya ba tare da an yi asarar tsoka ba, da yadda ake jera kitsen tozo tsakanin yanka biyu don kada wuta ta busar da su. Ya ce wutar soya ba harshe ake so ba, garwashi ake so. Wanda ya gasa a kan harshen wuta zai ba mutane baƙi a waje, ɗanye a ciki.

Da na tsaya da ƙafata, sai na kafa teburina a ƙofar wani bar a Yelwa. 'Yan'uwa sun yi surutu, har aka kai ƙarata wurin Kawu. Ya ce musu nama yake sayarwa ko giya? Aka bar ni. Gaskiyar magana ita ce a garin nan soya tana bin giya ne. Ni ban taɓa kai kwalba bakina ba, amma na san yajina ƙishi yake sa wa, kuma matar da ke da bar ɗin ta san haka, shi ya sa ba ta taɓa cewa in matsa ba. Ina zuwa da hantsi in yi yanka da jera tsinke a inuwar dalbejiya, in hura wuta bayan la'asar, lokacin da ma'aikata ke tashi kuma direbobin kamiyon masu hanyar Njamena ke ajiye motoci.

Abin da Kawu bai koya mini ba shi ne mutane. Mai soya a ƙofar bar yana ganin kowa, kuma babu mai ganinsa. Kai da turken fitila ɗaya kuke. A gabanka za a yi ciniki, a yi ƙarya, a yi kuka, kana juya tsinke. Ranar da ka fara maimaita abin da ka ji, ranar sana'arka ta mutu. Daga abin da mutum ya ce a sa masa kake gane halin da yake ciki: mai sabon albashi ƙoda yake nema, wanda aka kora daga aiki ya ce a yawaita albasa.

Akwai wani tebur a can ƙurya, kusa da tagar da ke kallon wutata. Maza ne ke zama a wurin, dukkansu manya masu gemunsu, sai dai tsaf-tsaf, da turare da agogo. Masu harka ake ce musu. Ba sai na yi muku dogon bayani ba: maza ne da ke kwana da wanda ya biya, yawanci maza 'yan'uwansu, direbobi da 'yan kasuwa da wasu masu manyan riguna da in na faɗi sunansu sai garin nan ya girgiza. Ban zauna nan don in wanke su ko in yanke musu hukunci ba. Akwai mai wannan aikin, kuma ba mai soya ba ne. Masu sayen namana ne, sun fi da yawa daga cikin masu salla a sahun gaba iya gaisuwa.

Babbansu shi ne wanda suke kira Dada, wato uwa da Fulatanci. Mutum ne mai jiki, ya manyanta, yana sayar da abinci a bakin tasha da rana. Shi ke kama musu ɗaki, shi ke karɓo wanda 'yan sanda suka kama, shi ke dafa wa mai zazzaɓi kunu. Wanda danginsa suka kora daga Marwa ko Gidar, in ya sauka a tasha, Dada za a nuna masa. Maganarsa a teburin nan ta fi ta gwamna.

Suna da ƙa'idodinsu, kuma duk a kan kwalba suke tafiya. Mai so ba ya zuwa teburin. Yana daga nesa zai aiko da giya a ajiye gaban wanda ya zaɓa. In an buɗe an sha, an amsa ke nan. In an mayar da ita a rufe, an ƙi. Sannan duk wanda ya yi kasuwa jiya, yau shi zai zagaya teburin da giya, kuma ba a ƙin ta ɗan'uwa. Ta uku ba su faɗarta, amma ita ta fi ƙarfi: wanda ya koma shan lemo, to ya shiga layi. Layin asibiti suke nufi, inda masu sida, wato ƙanjamau, ke karɓar magani. Na ga yadda aka yi da wani dogo mai suna Buba. Ya yi mako yana neman lemo, sai magana ta fita daga teburin, ba da mugunta ba ma, da raɗa da tausayi. Kafin wata ya ƙare babu mai aiko masa ko ruwa. Ya tattara ya nufi Tuboro wai zai yi aikin auduga, ban sake jin labarinsa ba.

Hamadu mutumin Bogo ne, ya haura shekara ashirin da biyar lokacin da na san shi. Ya koyi ɗinki amma bai samu keke ba. Siriri ne, mai yawan dariya, kuma shi kaɗai a cikinsu ke tsayawa ya taya ni fifita wuta in hayaƙi ya dame ni. Tozo yake so, da yaji har sai ya rufe naman. Yana aika wa mahaifiyarsa da atamfa duk salla, ita kuma tana gaya wa maƙwabta ɗanta tela ne a Garwa.

Wata rana da hantsi ina cire jijiya, ya zo ya tsuguna gefena. Bar ɗin ba a buɗe ba, babu kowa sai mai shara. Ya daɗe yana wasa da tsinke, sannan ya zaro wata farar robar magani daga aljihu.

"Baba, ajiya zan ba ka."

Na dubi robar, na dube shi. A lokacin an fara ba da maganin a asibiti, kowa ya san kamanninta.

"Wa ya sani?" na ce.

"Dada kaɗai. Shi ya raka ni. Amma ɗakinmu ka san yadda yake, jakar kowa ta kowa ce. Wannan ya ɗauki rigarka, wancan ya buɗe neman turare. In suka gani na zama Buba."

Ina da akwatin katako da nake ajiye gwangwanayen yaji, da kwaɗo a jiki, babu mai taɓa shi sai ni. Na buɗe na tura robar bayan gwangwanin masoro. Muka shirya zai riƙa biyowa da safe kamar mai gaisuwa, da yamma kuma kamar mai sayen nama. Da takardar buhun siminti muke naɗe soya a lokacin. Sai in yagi ɗan ƙarami in ƙulle ƙwayar, in cusa a gefen ƙunshin. Ko wanda ke tsaye kusa da shi ba zai lura ba. Hannun da ya saba zare kitse daga tsoka wannan ba komai ba ne a wurinsa.

Da farko abin ya yi kyau. Ya murmure, wuyansa ya cika, har ana tsokanarsa wai ya samu Alhaji. Sai dai na lura da wani abu. Wasu ranaku in na miƙa masa ƙunshi, sai ya zare ɗan ƙullin ya mayar mini a tafin hannu.

"Yau na taɓa kwalba, Baba. Ba a haɗawa."

"In ji wa?"

"Dada. Ya ce giya da maganin nan in suka gamu a ciki dafi suke zama. Ranar sha daban, ranar magani daban."

Ni mahauci ne, ban san komai a kan wannan ba, kuma maganar ta yi kama da hankali. Lokacin ma ba kullum yake zama teburin ba. Yakan samu wanda ya riƙe shi na ɗan lokaci, ya huta da bar, ya sha maganinsa a jere.

Sai muguwar shekarar ta zo. Masu tare hanya suka addabi daji, suna kama 'ya'yan makiyaya sai an sayar da garke an fanshe su. Fulani da yawa suka kwashe shanunsu suka tsallaka iyaka. A abatuwa sai ka ga mahauta sun fi shanu yawa, muna tsaye muna kallon wata ramammiyar saniya kamar masu zaman makoki. Na koma gasa tumbi da huhu, ni da nake zaɓen cinya. Na rage faɗin yanka har ina jin kunyar miƙawa. Direbobi suka rage zuwa, waɗanda suka zo kuma ba sa son kwana. Auduga ma ba ta yi kuɗi ba a shekarar.

A teburin ƙurya abin ya fi muni. Masu aiko da kwalba suka ragu, saboda haka babu mai iya mayar da ko ɗaya. Giyar kwalba ta yi tsada, aka koma wiski na leda da arki, masu ƙona hanji. Masu biyan kuma suka gane an matsu. Sai su yi ta aiko da leda bayan leda, don sun san wanda ya bugu ba ya gardamar kapot, wato kwaroron roba. Da kunnena na ji wani direba yana gaya wa abokinsa haka, yana jiran in naɗe masa nama, yana dariya. Na zuba masa gishiri fiye da kima, iyakar abin da na iya ke nan.

Hamadu ya zama kullum yana teburin, kullum kuma sai ya sha. Maganin safe ma ya fara ƙi, wai ta jiya ba ta gama fita daga jikinsa ba. Robar da ya kamata ta ƙare sai in girgiza ta in ji ta da nauyi. In lokacin karɓar sabuwa ya yi, yakan je ya karɓo don kada a yi masa faɗa a asibiti, ya kawo mini in ajiye kusa da tsohuwar. Akwatin yajina ya fara cika da magani.

Akwai wata ma'aikaciyar asibiti, Madam Rebeka, mutuniyar Mindif, da ke tsayawa a kan babur ɗinta ta sayi soya in ta taso aiki. Mace ce mai faɗa, ba ta son a sa mata kitse. Ran nan na yi ƙarfin hali, ina yanka mata albasa na ce ina da wani ɗan'uwa mai shan maganin nan na kullum, amma yana shan giya, to ranar da ya sha yakan bar maganin don kada su haɗu.

Ta kashe babur ɗin.

"Baba mai soya, wa ya gaya masa haka?"

Na ce haka ake faɗa.

"Giya ba ta da kyau gare shi, wannan gaskiya ne. Tana cin hanta, tana sa mantuwa. In zai iya bari ya bari. Amma ko ya sha, ya haɗiyi maganinsa. Barin shi ne mutuwar. In yana sha yau ya bari gobe, ciwon zai saba da maganin, ranar da ya dawo yana nema ya tarar ba ya ji. Ka kawo mini shi."

Na ce ba zai zo ba. Ta dube ni, ta dubi tagar bar ɗin, ba ta ƙara tambaya ba. Ta ce in gaya masa da bakinta, in kuma faɗa masa sau goma.

Washegari da hantsi na gaya wa Hamadu, kalma bayan kalma. Ya saurara yana murmushin nan nasa.

"Baba, su na asibiti haka suke. Ita ba ta taɓa zama inda muke zama ba."

"To je ka tambaye ta da kanka."

"In je ta ce me ya sa nake sha kullum? In ce mata me? Daga nan sai a kira wani ya zo ya gan ni, daga nan sai komisariya, hannun 'yan sanda." Ya girgiza kai. "Dada bai taɓa yi mini ƙarya ba. Lokacin da na sauka garin nan ko takalmi ba ni da shi."

Na bar yankan, na rufe naman da tsumma, na tafi tasha wurin Dada. Na same shi yana kwashe shinkafa. Ya ba ni benci, ya sa aka kawo mini ruwa, don mutum ne mai karamci. Da na gama magana sai fuskarsa ta canja.

"Mamman, kai nama ka sani. Ni na san yaran nan. Akwai wani Yaya da na riƙe kafin ka san Hamadu. Sabon fara magani, ya sha kwalba biyu ya haɗiya a kai. A hannuna ya yi ta amai, idonsa ya zama rawaya, jikinsa ya yi ƙuraje kamar an watsa masa ruwan zafi. A hannuna ya cika. Matar asibitinka tana ina a ranar? Da muka kai shi, a ƙasa suka bar mu, suna leƙowa suna kiran juna a zo a ga 'yan daudu."

Na ce wataƙila wani abu ne daban ya kashe Yaya.

"Wataƙila. Ni dai ba zan sake wanke yaro saboda wataƙila ba. Hana su sha ba zan iya ba, in sun bari me za su ci? Abin da zan iya shi ne in raba musu biyun."

Ba mugu ba ne, ku fahimce ni. Da mugu ne da abin ya zo da sauƙi, da Hamadu bai saurare shi ba. Na koma wurin wutata raina a ɓace. Na ci gaba da cusa ƙullin a cikin nama, shi kuma ya ci gaba da mayar mini. Wata rana na yi fushi na ce to ya kwashe kayansa daga akwatina. Ya ce, "In kai su ina, Baba?" Na bar su.

Mai soya yana riga likita ganin wasu abubuwa. Ranar da Hamadu ya ce in rage yaji, na ɗaga kai na dube shi. Bayan ɗan lokaci ya ce kada in sa ko kaɗan. Mutumin da ke cin barkono kamar tuwo. Bakinsa ne ya yi gyambo, har maƙogwaro. Daga nan ya bar tozo ya koma hanta, ita ma sai na daddatsa masa ƙanana kamar na mai sabon haƙori. Agogonsa ya fara zamewa zuwa gwiwar hannu. Ga tari.

Teburin ya gani. Ba su kore shi ba, har sukan haɗa masa na abinci. Amma raɗar ta fita kamar yadda ta saba, kwalba ta daina zuwa gabansa. Sai ga shi abin da ya yi ta gudu ya same shi duk da haka, kuma a lokacin ne ya samu hutun giya. Ya riƙa zuwa safe da yamma ba fashi, yana haɗiyar maganin a gabana da ruwan butata. Yana cewa, "Ka gani, Baba, yanzu na kama shi da kyau." Ina cewa Allah ya sa. Robobin da suka taru muka fara cinye su ɗaya bayan ɗaya.

Ciwon bai ji maganin ba. Abin da Madam Rebeka ta faɗa shi ya faru. Zawo ya kama shi, ya kasa tahowa Yelwa, na riƙa aika maganin cikin ƙunshin hanta ta hannun Dada. Da abin ya yi tsanani Dada ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti, ya bar tukunyarsa a hannun wasu, ya tare a can. Shi ke juya shi, shi ke wanke zannuwa. Na je duba shi da rana, kafin lokacin hura wuta. Ya zama kamar tsinken da nake jera nama. Ya ce in an tambaya daga Bogo in ce ciwon hanta ne, kuma in ce yana da shago. Na ce to.

Ya rasu ranar wata Talata da walaha. Babu wanda ya zo daga Bogo a kan lokaci. Liman na unguwarsu ya ce yana da uzuri. Na je abatuwa na tara mahauta 'yan'uwana, na ce musu wani mai sayen namana ne, Musulmi, ba shi da kowa. Wasu sun san ko wane ne, suka zo duk da haka, wasu suka ce suna da aiki. Mu muka yi masa wanka, wani tsoho a cikinmu ya ja salla. 'Yan teburin suka tsaya can nesa a bakin maƙabarta, ba su matso ba, don sun san in suka matso wasu za su fita daga sahu. Wannan tsayuwar tasu ta tsaya mini a rai har yau.

Bayan kwana biyu ko uku Dada ya zo da hantsi. Ban taɓa ganinsa ba turare ba sai ranar. Ya zauna a benci, ina yanka, har na gama cinya guda.

"Likitan ya kira ni gefe," ya ce. "Ya tambaye ni ko yaron yana tsallake magani. Na ce ranar da ya sha kawai. Ya dafe kai."

Na ci gaba da yanka.

"Abin da matar asibitinka ta ce, shi ya ce. Ko an sha."

"Ko an sha," na ce.

Na zaci kuka zai yi a kan Hamadu, har ina shirya abin da zan ce. Sai ya ce, "Mamman, ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ya kwana ɗakina ya shiga layi, na zaunar da shi na gaya masa. Akwai na Marwa. Akwai na Ngaundere, akwai waɗanda suka tafi Kuseri. Wasunsu yanzu su ma suna da yara a hannunsu."

Na ba shi sauran robobin, ya mayar asibiti. Bayan haka ya yi abin da zai iya, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya tara 'yan teburin ya ce musu ya yi kuskure, abin da ban taɓa jin babba irinsa ya yi ba. Ya hau mota ya je Marwa, ya je Ngaundere, yana bin ɗakuna. Ya dawo ya ce mini wasu sun ji, wasu kuma sun ce tsufa ne ya kama Dada, ko asibiti sun saye shi. Maganar farko ta riga ta zauna. Shi ma bai daɗe sosai ba bayan nan, ciwon suga ya tafi da shi, mu muka kai shi.

Bar ɗin ya canja hannu, an sa masa fitilu masu launi. Shanu sun dawo, na koma zaɓen cinya. Yanzu da waya ake aiko da saƙo, amma kwalba tana nan tana aikinta, teburin ƙurya ma yana nan da sababbin fuskoki da ban san sunayensu ba. Maganin an ce ya zama ƙwaya ɗaya a rana, kuma akwai masu zagayawa suna wayar da kai, da jakunkuna da riguna iri ɗaya.

Bara da rani, bayan la'asar, wasu biyu daga teburin suka tsaya a gabana suna jiran nama. Ba su daɗe a garin ba, daga hausarsu na ji ɗaya ya zauna wajen Kuseri. Kamar kullum, sun ɗauka turken fitila ne a gabansu. Ɗayan ya yi ƙasa da murya ya tambayi abokinsa ko ya sha nasa na yau.

"A'a, na taɓa kwalba. Ba a haɗawa."

Na ajiye wuƙar. Na ce, "Ɗana, ka yi haƙuri, wa ya gaya maka haka?"

Ya dube ni sama da ƙasa, tsoho mai ƙauri da hayaƙi. Bai taɓa jin sunan Dada ba, bai san an yi wani Hamadu ba.

"Baba, ai kowa ya sani," ya ce. "Sa mini yaji da yawa."